Bayan Zarto Ya Wuce Layi

A Amurka akwai masu sayen ɗaki a kwali. Kamfani zai yanka filawud da inji mai kwamfuta, sau da yawa na itacen okume da ake sarowa a Gabon, ya aiko maka gunduwa-gunduwa da littafin bayani. Kai kuma ka ɗinke da wayar tagulla, ka bi da gam, ka sa taya biyu, ka ja da mota ka tafi daji ka kwana don nishaɗi. Mu a Keffi ba mu kai ga kwanan daji da gangan ba. Ɗan ɗakin katakonmu shi ne kes ɗin mai POS, wanda ya cika gari tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, daga Angwan Lambu har bakin titin Akwanga. Amma falle ɗaya ne nan da can, ƙafa 4 a ƙafa 8, kuma abin da zarto ya ci ba ya amayarwa. Sai an yanka ba daidai ba ake sanin halin kafinta.

Akwai Malam Haka-Ake-Yayi. Taga ta karkace, mai kaya ya nuna masa, sai ya ja da baya, ya kanne ido ɗaya, ya ce, "Alhaji, ai yanzu a Abuja haka ake yi." Abuja dai ga ta nan, tafiyar awa guda in babu cunkoso a Mararaba, amma ba a taɓa samun wanda ya je ya dubo ba.

Maƙwabcinsa bai taɓa kuskure ba tun da ya buɗe shago, domin yana da yaro. Shi ya auna, shi ya ja layi da fensirin da ke maƙale a kunnensa, shi ya yanka. Yaron dai riƙe katako ya yi. Duk da haka za ka ji, "Kai, don Allah ina hankalinka yake?" Yaron ya ce, "Yi haƙuri, Oga," yana ajiye darasin don ranar da zai samu nasa yaron.

Wanda ya fi burge ni shi ne Sarkin Ciko. Wannan ya san haƙoran zarto kansu suna cin wajen milimita 3 a kowane yanka, ya kuma san zai manta. Saboda haka kullum yana da gwangwanin garin katako da farin gam. Ya kwaɓa, ya cusa, ya jira ya bushe, ya goge, ya shafa fenti mai duhu. Ƙaramin rami, wallahi ko surukarka ba za ta gano ba. Matsalarsa rashin sanin iyaka: an taɓa ganin ya cike giɓin da kaza za ta iya shiga. Filawud kuwa siraran fallaye ne aka manna, wannan a tsaye wancan a kwance, kuma ruwa ta baki yake shigarsa. Ruwan Agusta na sauka, cikon ya faɗo, katakon ya fara buɗewa kamar littafi.

Mai maganin kowace cuta da ƙusa ba sai an daɗe a kansa ba. Kes ɗinsa ya fi ƙarfin mutum huɗu.

Sai ma'aikacin gwamnati mai aikin Asabar, wanda ya koya a YouTube. Shi ba ya yafe wa kansa rabin inci. Ya kwance, ya sayi sabon falle, ya sake kwancewa. Ɗan kes ɗin da ya ce zai yi wa ƙaninsa yana nan a tsakar gida, ƙanin ya gaji ya sayi laima, uwargida kuma ta samu wurin shanya.

A ƙarshen layi akwai wani dattijo da ba ya musu. In ka nuna masa aibu, tambaya biyu gare shi: ruwa zai shiga? Ɓarawo zai shiga? In ɗaya daga ciki ne, sai ya cire, ya sake da katakonsa, ko sisi ba zai ƙara maka ba. In ba ko ɗaya, sai ya tambayi wane ɓangare ne zai jingina da bango, ya ce wa yaronsa, "Ɗan nan, juya shi."