A Tawa Dai Yana Aiki

Duk ƙarshen shekarar karatu, ɗaliban kimiyyar kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda sukan gamu da jarrabawar da ba ta cikin jadawali: ɗauke furojet daga laftof zuwa kwamfutar da za a nuna wa malamai. A nan ake sanin halin kowa.

Akwai Sarkin Filashi. Ya kwafi jakar htdocs ta XAMPP, ya rataya filashi a wuya, ya hawo mota daga Zurmi yana fito. Bai san sunayen da ya kwana yana shigarwa suna cikin rumbun MySQL ba, wanda sai an fitar da shi daban ta phpMyAdmin. Shafin farko ya buɗe tas. Ana danna maɓallin shiga, sai kwamfuta ta ce ba ta san wannan rumbu ba.

Ga kuma Magajin Yaya, wanda ya gaji aikin wansa, suna kawai ya canza. Aikin cike yake da mysql_connect, umarnin da PHP 7 ya jefar tun 2015. "Wallahi Malam, a tawa yana aiki!" Kuma bai yi ƙarya ba, tunda laftof ɗin ma gado ce, ba a taɓa sabunta ta ba.

Kwashe-kaf ba ya barin komai, har node_modules mai dubban fayiloli, kamar mai tashi da ya haɗa da duwatsun murhu. Layi yana jira, kwafi yana rarrafe.

Ɗan Docker ya fi kowa gaskiya, ya kuma fi kowa surutu. Sai dai dabararsa tana son a sauko da ɗaruruwan megabayit, shi kuwa datarsa ta ƙare a TikTok.

Wani ɗan garin Banga shiru-shiru yake. Tun da aka katse layukan waya a faɗin Zamfara a Satumban 2021, ya daina amincewa da abin da zai nemi intanet ranar nuni. Ya sa pip freeze ya jera masa duk abin da aikinsa ya jingina da shi, ya tattaro su da pip download. Filashinsa kan yi yawo hannu-hannu har gadajen 'yan Shinkafi, ya dawo masa da bairos ɗin da ke mayar da kowace jaka shotkat.