Ina Za a Sa Batir?

A Amurka, duk watan Janairu ake sanar da wasan shekara na gasar ƙera mutum-mutumi ta FIRST ta 'yan sakandare, wadda aka fara a 1992. Kafin a taɓa ƙarfe sai an zana mutum-mutumin da manhaja irin su Onshape ko SolidWorks. To, a nan ake yin ta.

Cikin kwamfuta kowa injiniya ne. Ƙarfe na ratsa ƙarfe, ko uffan ba ya cewa. Yaro zai kwana yana juya zanensa hagu da dama yana murmushi, har da shafa masa launi. Ranar haɗawa sai a tarar ya binne noti a lungun da sifana ba ta shiga. Ramin da ya auna da milimita kuwa, ƙusar inci aka sayo masa. Batir fa? Af, an manta!

Onshape ta ƙara wa miyar gishiri, don mutum goma na iya aiki kan zane ɗaya lokaci guda. Kowa sai ya rantse ba shi ya goge tayar ba, alhali manhajar na ajiye tarihin wanda ya taɓa me.

Malamai, don Allah ku riƙa miƙa wa mai zanen sifana ya ɗaure da hannunsa.