Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Mai Girma Lis

Zuwa ga Mai Girma Lis,
Jerin sunayen waɗanda za a ɗauka karatun jinya da ungozoma,
Duk durowar da yake kwance,
Maiduguri.

Ranka ya daɗe,

Da na ce ina gajiya, to amma ban san wace gajiya zan tambaye ka ba, tunda duk wanda na tambaya labarinka sai ya ce kana kan tebur ana jiran sa hannu. Allah ya ƙara sanyin ofis.

Ba ka san ni ba, kuma babbar damuwata ke nan. Makarantar da na nema ma ba zan faɗa ba. A garin nan akwai kwalejin jiha, akwai makarantar Asibitin Koyarwa, ga sashen jinya a Jami'ar Maiduguri, kowacce da nata lis. Ni da nawa nake magana, shi ma ya san kansa. Sunana kuwa na ɓoye shi, don ba na so ya fito a jarida kafin ya fito a jikinka.

Duk abin da aka ce a kawo na kawo. Kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Fizik, Kemistiri da Bayoloji, a zaman da bai wuce biyu ba, WAEC ta ba ni rabi, NECO ta cika sauran. Na yi JAMB, bayan na sha layin lambar NIN. Na cike fom a wani kafe da ke wajen Fos Ofis, inda yaron da ke buga kwamfuta ya fi kowane malami sanin makomar mutane, yana danna madannai yana cewa, “Ke dai wannan makin naki, sai addu'a.” Hoto mai farin bango, takardar haihuwa, takardar shaidar ƙaramar hukuma. Wannan ta ƙarshe ma ba sai da muka je garinmu na bakin Tafkin Chadi ba, don shekara da shekaru ofishin ƙaramar hukumar tamu yana nan cikin Yerwa, wato Maiduguri, yana gudun hijira tare da mu.

Takardun nan, ranka ya daɗe, sun ga duniya. Ranar Talata 10 ga Satumba, 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shigo mana Gwange da tsakar dare, Inna ta bar kwallayenta, ta bar atamfofin da take tarawa, ta ɗauki ledar takarduna ta ɗora a ka, ta naɗe da mayafi, muka ratsa ruwa iya ƙirji. Har gobe akwai shatin ruwa a gefen sakamakon NECO ɗina, ya hau ya tsaya daidai ƙarƙashin Bayoloji. A wannan ambaliya babu abin da bai fito ba a garin nan. Kadoji da macizai sun fito daga gidan namun daji na Sanda Kyarimi. An ga jimina tana takawa a kan kwalta. Katangar kurkuku ta faɗi, fursunoni 281 suka fita. To a garin da jimina ta fito, kai me ya tsare ka?

Ranar tantancewa da ka leƙo ta taga da ka ga jama'arka. Tun kafin rana ta ɗaga mun cika gindin darbejiya, hijabi kala-kala, kowa rungume da fayil a ƙirji, wasu da iyayensu maza suna zaune gefe suna jan carbi, wasu da goyo. Akwai waɗanda suka kwana a hanya daga Biu, akwai na Monguno da Bama da Gwoza, ga samari su ma ba a bar su a baya ba. Mai ruwan leda ya yi cinikin da bai taɓa yi ba. Da aka shiga gaban malamai aka tambaye mu dalilin da ya sa muke son aikin jinya, duk wadda ta fito sai ta ce ta amsa da “don in taimaki al'umma”. Wata da ke bayana a layi ce kawai ta faɗi wani abu daban. Ta ce yayarta ta rasu wajen haihuwa a bayan a-kori-kura, kafin a kai ga asibitin da ke da ungozoma. Daga nan aka ce mana, “Ku je, za mu neme ku.”

Muka je. Ba a neme mu ba.

Kaka ta ce jiranka kamar duban watan Sallah ne, kowa ya ɗaga kai sama, wani ya ce ya gani, wani ya ce gajimare ne. Na ce mata Kaka, kada ki ɓata wa wata suna. Wata yana da kwamiti, yana da Sarkin Musulmi da zai fito ya yi sanarwa, kuma duk taurin kansa ba ya wuce kwana talatin. Kai fa? Maigadi ya ce wani sati. Wani satin ya zo, ya ce ai Oga ya yi tafiya. Oga ya dawo, aka ce natuwok. Yanzu in ya hango ni na sauko daga Keke Napep, tun daga nesa yake girgiza kai, har mun saba, yana tambayata ya jikin Kaka. Allon sanarwa kuwa na haddace shi. Lis ɗin bara yana nan manne, rana ta cinye tawadar, iska ta yage gefe guda, amma ina iya karanto maka sunaye goma na farko da ka, har da wadda aka rubuta sunan mahaifinta ba daidai ba.

Sai kuma zauren WhatsApp da muka buɗe domin ka. Can ne kake fitowa kullum. Ƙarfe biyun dare wata za ta turo, “Ya fito!” Zuciya ta yanke, hannu na rawa, a buɗe a tarar lis ɗin wata makaranta ce a wata jiha, na shekarar da ta wuce. Wata kuma, ƙanwar kishiyar goggonta tana shara a ofishin, ta ce ta ga ana buga ka. Wata ta yi mafarkin farar riga. Ni dai kuɗin data da na mai caji da na kashe a kanka, da littafin jinya na saya da su da yanzu na kai babin allura.

Inda raha ta ƙare shi ne wajen 'yan damfara. Suna da lambobinmu, Allah kaɗai ya san inda suka samo. Mutum zai kira da murya mai kauri, ya kira ki da cikakken sunanki, ya ce yana da silot guda ya rage, a tura kaza cikin wannan asusu kafin la'asar. A Facebook ma suna nan, da hoton ƙofar makaranta da lambar waya. Na san gidan da aka sayar da tunkiya aka tura. Ga kuma maganar da ake yi ƙasa-ƙasa, wai kai kashi biyu ne, akwai na allo akwai na aljihu, wai sai da takardar wani babba. Ba na zarginka, ranka ya daɗe. Amma shirunka ne abincin masu wannan magana. Duk makon da ka ƙara a durowa, wani ɗan damfara ya samu na cefane.

A gida kuwa tuni an ba ni muƙamin da kai ka hana ni. Duk layinmu “Nas” ake kirana. Maƙwabta na kawo min takardar magani in karanta musu rubutun likita, yaro ya yi zazzaɓi a ce a kai wa Nas ta taɓa goshinsa. Ina cewa ku kai shi asibiti, ni ko ma'aunin zafi ban taɓa riƙewa ba, su ce kunya ce da tawali'u. Inna ta riga ta yanko farin yadi a Kasuwar Monday, yana ƙasan akwati. Baba kuma, wanda ba ya yawan magana, ya kira ni bayan sallar isha'i ya ce, “Masu neman aurenki sun sake turowa. Na ce musu karatu za ki yi. Amma ba zan yi ta cewa karatu ba, alhali kina zaune.” Ka ji inda ka ajiye ni. Ba ni kaɗai ba ce. Da yawa daga cikin waɗanda muka zauna gindin darbejiya tare, kai ne kaɗai hujjar da suke da ita a gaban iyayensu, kuma hujjar da ba a gani ba ta daɗewa.

Abin da ke ɗaure min kai, ba wai ba a bukatarmu ba ne. A ƙarshen 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga cibiyoyin lafiya 743 a Borno, ta tarar kashi 35 cikin ɗari an rusa su ƙurmus, kashi 29 kuma sun lalace. An sake gina da yawa tun daga lokacin, ana ta yanka kirtani, amma gini ba ya karɓar haihuwa. A Fabrairun 2024 magatakardan Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya, Faruk Abubakar, ya ce ma'aikatan jinya 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku. Suna Ingila, suna Amurka, suna Saudiyya. Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate kuma ya sanar cewa an ɗaga gurbin ɗalibai daga 28,000 zuwa 64,000 a faɗin ƙasa. Da na ji haka a rediyo har guɗa na yi, na ɗauka cikin wannan ƙari akwai kujera guda mai sunana.

Kada kuma ka ɗauka farar riga ce ta ruɗe mu, ba mu san abin da ke cikin aikin ba. 'Yan Borno ne mu. Mun san Saifura Khorsa da Hauwa Liman, ungozomomin da aka sace a Rann a watan Maris na 2018, aka kashe su kafin shekarar ta ƙare. Da sanin haka muka sayi fom.

Zan yi maka adalci. Na san ba za ka iya ɗaukar kowa ba. Majalisa ce ke yanka wa kowace makaranta adadinta, gwargwadon ajujuwa da malamai da gadajen asibitin da za a koyi aiki, kuma wanda ya wuce adadin ba za a yi masa rajista ba. Ni ma ba na so a cusa mutum ɗari uku a aji a yaye wadda ba ta iya nemo jijiya ba, don wata rana hannun Inna za ta kama. Na kuma san ko an shiga ba a tsira ba, jarrabawar share fage ta PTS na nan tana jira bayan 'yan watanni, ta tankaɗe wasu su dawo gida da akwatinsu. Duk na yarda. Ban ce dole ka ɗauke ni ba.

Abin da nake roƙo bai kai kuɗin tawada ba. Ka sa rana, ka faɗe ta tun ranar da ake sayar da fom, ka kuma cika. In ka fito, ka fito da makin kowa a gefen sunansa, wadda ta faɗi ta ga da nawa ta faɗi, bakin masu maganar aljihu ya mutu. Waɗanda ba su samu ba kuma a gaya musu ƙarara, ko da saƙon waya ne, maimakon a bar su da “akwai lis na biyu” har shekara ta zagayo. “A'a” ba ta kisa. Wadda aka ce wa a'a da wuri za ta iya neman kwalejin kiwon lafiya kafin a rufe fom, ko ta zauna ta sake shirin JAMB, ko ta san abin da za ta ce wa Babanta.

Don girman Allah, ranka ya daɗe, ka fito. In da sunana, alhamdu lillahi. In babu, ka faɗa min kafin ƙarshen watan nan, ina da shawarar da zan yanke.

Taka mai biyayya,
Wata mai jira,
Gwange, Maiduguri.