Idan Sitiyari Ya Hau Bori

Duk wanda ya taɓa shiga Golf daga Anka zuwa Gummi, mutum huɗu a baya, biyu a gaba, buhunan gero a but har sai da igiya murfin ya yarda ya kwanta, ya san wannan yanayi. Ana gab da Daki Takwas direba zai taka birki, sai sitiyari ya kama makyarkyata a hannunsa kamar mai zazzaɓin damina. Fasinjan gaba ya zuba masa ido. Shi kuwa ko a jikinsa, ya ce, "Hanya ta, Alhaji, motag ga ba ta da komi."

Shawarata ta farko, kuma kyauta: direba, riƙe wannan amsa da kyau. Hanya ba ta da baki, ba za ta kai ƙararka wurin 'yan yuniyon ba. In a kan kwalta sumul abin ya same ka, ɗora wa iska. In babu iska, ƙara muryar rediyo. Na san wani direba daga wajen Abare da ya shekara yana yi wa rawar sitiyari magani da waƙoƙin Ɗanƙwairo, har ya ƙware wajen taka birki daidai da kiɗan kotso, fasinja su ɗauka nishaɗi ne ya motsa masa kafaɗu.

Ranar da ka gaji da ruɗin kanka kuwa, sauke kaya, sallami fasinja, ka nemi miƙaƙƙiyar kwalta da rana tsaka, inda jama'a ke kai da komo, don kowa ya san hanyoyinmu ba na tsayawa nazari ba ne. Kai gudu kilomita 80 zuwa 100, ƙafarka nesa da birki. In rawar ta taso a nan, ka nemi afuwar birki, ka zarge shi a banza. Laifin taya ne: ko balansi ya tafi, ko rim ya lanƙwashe a wani rami, ko tayar ta yi kumburi, ko kuma lakar hanyar Bagega ce ta bushe a cikin rim ta zama ɗan haya. In kuwa shiru kake ji har sai ka taka, to faifan birkin gaba ne, wanda makanikai ke kira dis. Idan sitiyari lafiya lau amma kujera ce ke yi maka susa a mazaunai, dubi baya, inda yawancin tsofaffin Golf 3 ke da birkin dram. Mai sabuwar mota kuma, in ya ji birki na harbin tafin ƙafarsa yana gurnani lokacin da ya taka da ƙarfi a kan tsakuwa, ya kwantar da hankalinsa, na'urar ABS ce ke aikinta. Kada ya biya kowa ya cire masa ita.

Bakanike zai ce maka dis ya lanƙwashe. Kar ka yi masa gardama, amma ka sani sau da yawa kauri ne ya bambanta: wani wuri ya ci, wani wuri kuma fad ɗin birki ya yi zafi ya bar masa tabo. Duk zagaye ɗaya sai fad ya yi tuntuɓe da tudun nan, tuntuɓen ya bi tayarod ya hauro har hannunka. Tudun ma ba abin a zo a gani ba ne, bambancin da bai wuce kaurin silin gashi ba ya isa ya sa ƙato rawa.

Wanda motarsa ba ta fara ba, yana kuma jin an bar shi a baya, ga yadda ake samu. Lafta mata kayan da suka fi ƙarfinta. A gangara kada ka rage giya, kwanta a kan birki har ka ji ƙauri. Da ka tsaya, ci gaba da danne shi da iyakar ƙarfinka, fad ya manne da jan ƙarfe ya buga masa hatimi. In damina ce abin ya fi sauƙi, ka afka kududdufi da faifai suna tururi. Sannan ka biya wurin mai faci, ka bar yaronsa ya zura bututu a sifana, ya hau kai yana tsalle, ya ɗaure noti ɗaya har ya yi kuka kafin ya waiwayi na kusa da shi. Masu son zaman lafiya su kan sa a ɗaura a gicciye, wannan sannan wanda ke fuskantarsa, da ƙarfi daidai wa daida. Su suka sani.

A gareji za ka tarar da oga a kan benci, wanda zai gano ciwon motarka tun kafin ka kashe ta. "Maigida, shokazoba ta, sai an canza." Gaishe shi da girmamawa, sannan ka roƙi arzikin jak. A ɗaga gaba, a sa mata waigi mai ƙwari. Kama taya dama da hagu ka jijjiga: in ta yi ƙwas-ƙwas, tayarod ya saki. Kama sama da ƙasa: in ta amsa, boris ne ko boljoyin. Waɗannan su kan ƙara wa ƙaramar rawa gishiri har ta zama ta biki. Bayan 'yar tafiya kuma kai bayan hannunka kusa da rim, kusa na ce. Wanda ya fi ɗan'uwansa huci, kalifarsa ta maƙale, tana riƙe birki ba da izininka ba, kuma ko sabon dis ka sa sai ta gasa shi.

A jikin kowane faifai an buga iyakar sirantar da aka yarda ya kai. In da sauran nama, a kai wa masu injin gyaran ƙarfe a Gusau su share fuskarsa. In ya zama kamar marfin langa, sai sabo, kuma biyu ake saya, dama da hagu, da sabon fad. Na taɓa sayen guda ɗaya ɗan Baljiyam don tsimi, na dawo gida ina yabon wayona. Mako uku rawar ta dawo, ta zo da ƙanwarta, wato fizga zuwa hagu. Kafin a ɗaura sabon ma, tsaya a kai sai an kankare tsatsa da ƙasar da ke mazauninsa, in ba haka ba a karkace zai zauna tun ranar farko.

Abu ɗaya ne ba na wasa da shi. Idan an kwance birki, kada ka bar yaron gareji ya hure baƙar ƙurar nan da baki, a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Mutanen Abare, Dareta da 'Yargalma, da suka binne yara saboda ƙurar dalma a 2010, ba sai an yi musu dogon bayani a kan ƙura ba.

Kai kuma fasinja, in ka ga hannun direba na karkarwa ya ce maka hanya ce, tambaye shi ko hanyar ce ke jiran sai ya taka birki. In ya ƙara muryar rediyo, sauka a Daki Takwas, ka sha shayi, ka jira ta baya.