Kyaftin ɗin Kibiya ya tsere ya bar kumbo

Ɗan Gwaggo, ina yi maka jaje. An ce har yau babban yatsan da ka buga a turmi bai sace ba. Allah ya sawwaƙe. Ka roƙe ni kada in faɗa wa kowa, na kuma yi alkawarin bakina ba zai furta ba. Shi ya sa na rubuta.

Ga waɗanda labari bai iske ba: ƙanena da ke karatu a Kano ne ya tara mu don wani wasa a daren Juma'ar da ta wuce, bayan isha'i, a kiran murya na WhatsApp. Ni ina Rano, kai kana Kibiya, sai wasu samari biyu daga Bunkure. Duk cikinmu ba wanda ya taɓa yin wasan. Yaron ya ce kada mu damu, na 'yan koyo ne, ya riga ya shirya wa kowa mutumin da zai zama a cikin wani kumbo mai dakon kaya a can sararin samaniya. Akwai makanike, akwai likita, akwai matuƙi. Kai kuwa tun kafin ya rufe baki ka ce in ba kyaftin ba, ba ka yi. Ka kawo mana tarihin farautar da ka ce ka yi a duwatsun Rurum, wadda har yau ba mu ga ko jelar zomo daga cikinta ba.

Wasan ba wuya. Mai jan labari ya bayyana inda kuke da abin da kuke ji, sannan ya tambaye ka, me za ka yi? Ka faɗa, sai ka jefa ƙwayar lido. In shida ta fito, ka dace, kamar dai yadda shida ke fitar da ɗa daga gida a lido. A Amurka aka fara irin wannan wasa a 1974, da Dungeons & Dragons, mutane na zaune kewaye da tebur da takarda da fensir. Wanda muka yi kuwa wani kamfanin Suwidin ne mai suna Free League ya fitar a 2019, an gina shi a kan fim ɗin Alien na 1979, wanda wata halitta ke bin ma'aikatan kumbo tana yi musu ɗauki ɗai-ɗai.

Da farko ka ba mu mamaki. Shida, shida, shida, har sau bakwai a jere! Da yake ba mai ganin hannunka, muka yi ta kabbara. Sai yaron nan, cikin ladabi, ya ce Yaya a ɗan kunna kyamara. Tun daga nan shida ta yi ƙaura daga Kibiya, ba ta sake leƙowa ba.

Akwai wata doka a wasan da ta burge ni. Duk lokacin da abin tsoro ya faru, sai a ƙara maka wata ƙwaya, ta firgici. Yawan ƙwaya na ƙara maka damar samun shida, wato ɗan tsoro kaifafa mutum yake yi. Amma ranar da ƙwayar firgicin ta faɗi a kan ɗaya, to mutuminka na iya daskarewa, ko ya kurma ihu, ko ya ranta a na kare. Wanda ya tsara wannan ya san ɗan Adam. Abin da bai sani ba shi ne akwai wani a kudancin Kano da ba ya jiran ƙwaya.

Mun kai inda fitilun kumbo suka mutu. Yaron ya sassauta murya, ya ce kyaftin, wani abu na jan ciki a bututun iska, daidai saman kanka, kuma wani ruwa mai yauƙi ya ɗigo maka a wuya. Me za ka yi? Ana cikin haka aka ɗauke muku wuta, akuyar Gwaggo kuma ta ture kwanon sha a tsakar gida. Abin da muka ji, da kunnuwanmu mu huɗu, shi ne "Wayyo Inna!", sai fat-fat ɗin silifa ɗaya, sai gwaf a jikin turmi. Wayarka ta zauna a kan tabarma tana watsa mana tuƙar akuya har kusan minti ashirin. Samarin Bunkure suka ce a ba akuyar kyaftin, tunda ita ce ba ta bar bakin aiki ba.

Da ka dawo ka ce sabis ne ya yanke. Ɗan Gwaggo, sabis ba ya sa silifa. Sai a ranar na gane dalilin sunan garinku: da an sake ku, ba a ƙara ganinku sai inda kuka faɗi. Mu 'yan Rano kuwa jikokin Autan Bawo ne, kakanmu Bayajida macijiya ya tarar a rijiyar Kusugu cikin dare, bai ce sabis ba. Ba banza ba ko da aka sake tsara masarautu a 2024, aka bar Kibiya a ƙarƙashin Rano. Ana tausaya muku ne.

Ni dai abin bai zo mini baƙo ba. Tatsuniya ce ta dawo ta cikin waya. Ka tuna ɗakin Kaka a nan Rano, aci-bal-bal na hayaƙi, da zarar ta kumbura murya ta zama Dodo sai ka cusa kai cikin zanenta, har ka taɓa jiƙa mata shi, amma wannan na bar shi sai wani makon. Ko tafiya sararin samaniya ma ba Turawa suka fara kawo mana ita ba. Tun 1969 Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya da Hausa, muka karanta a makaranta, mu da muke zuwa. Bambancin kawai, a ɗakin Kaka Gizo ne ke yanke shawara, kai naka sauraro, in ka ji tsoro ka ce barci kake ji. A nan kuwa kai ake tambaya, kowa na jiran amsarka, ba zanen da za ka shige.

Don ka sani, bayan tafiyarka likita da makanike sun tsira, ni ne na tuƙo su. Kyaftin kuma mai jan labari ya ce an same shi a ɗakin ajiyar abinci ya kulle kansa, lafiyarsa ƙalau.

Juma'a mai zuwa za a ci gaba, ƙarfe tara. An ba ka mai dafa abinci. Ka cika cajin waya, ka ɗaure akuya, ka kawar da turmi daga hanya. In kuma za ka shigo Rano kafin nan, ka taho mini da kuɗin sharata na cika-cikin bara, har yau ban gani ba.