Yadda Ake Saya wa Yaro Kwamfutar Koyon Karatu, a Kuma Zauna Lafiya

Kafin komai, ka tabbatar ɗan maƙwabcinka ya riga ya samu tasa. Ban taɓa ganin magidancin da ya wayi gari haka kawai ya gano cewa ilimin ɗansa batir yake jira ba. Abin yana farawa ne ranar da uwargida ta dawo daga gidan suna, ta ajiye mayafi ba ta ce uffan ba, sai da ka kai loma ta uku ta ce, "Maigida, ka san yaron gidan su wance, ɗan shekara uku, yana ƙirga har ashirin da Turanci? Wata 'yar kwamfuta babansa ya sayo masa." Ka waiga ka dubi naka, yana gefe yana fama ya cusa ƙwallon dabino a hanci. Kada ka yi gardama. An riga an yanke hukunci, kai dai naka biyan kuɗi.

Wanda ya ji na ce ni mutumin Ƙofar Wambai ne yakan ɗauka ta Kano nake nufi, mai kasuwar robobi da gwanjo, inda da za ka leƙa ka ɗauko abin cikin minti goma. Tamu ta Bauchin Yakubu ce, don haka sai ka tari keke napep zuwa Wunti ko Babbar Kasuwa. Ka sa tsohuwar riga. Mai shago na ganin shadda mai maiƙo zai kira ka Alhaji, kuma kowane Alhaji da ya faɗa akwai abin da ya hau kan farashi.

Kaya iri uku za a shimfiɗa maka. Na farko 'yar roba ce mai siffar laftof, shuɗiya ko ruwan hoda, gilashinta bai wuce kwalin ashana ba, amma muryarta ta ishi unguwa. Na biyu tablet ce sosai, an sa mata rigar roba mai kauri da hannun riƙewa, wai don kada ta fashe. Wanda ya ƙera rigar bai san ɗanka ba. Na uku kuwa gwanjo ce daga Ingila ko Amurka, mai tambarin LeapFrog ko VTech, kuma a nan mai shago zai rage murya ya ce, "Alhaji, wannan ita ce orijina."

Ba ƙarya ya yi ba. Waɗannan suna da asali. Tun 1978 kamfanin Texas Instruments ya fito da Speak & Spell, na'urar da ke faɗin kalma yaro ya danna haruffanta. LeapFrog na Kalifoniya ya kawo Leapster a 2003, ita ce ta yi suna wajen haɗa wasan gem da darasi a abin da yaro zai riƙe a hannu, sannan a 2016 VTech na Hong Kong ya saye kamfanin ɗungurungum. Abin da mai shago ba zai gaya maka ba shi ne Leapster da wani ɗan kaset take aiki, kusan kowane wasa da kaset ɗinsa, kuma yaron da ya fara mallakarta ya zubar da nasa ƙarƙashin wata kujera a can ƙasarsu tun kafin ka yi aure. Za ka zagaye Wunti, ka gangara Muda Lawal, a rinƙa nuna maka kaset ɗin wa'azi. Ƙari a kan haka, tana iya riƙe da sunan mai ita na farko, ta yadda duk lokacin da aka kunna sunan wani ɗan Bature za ta nuna. Kada ka damu. Cikin mako guda yaran layi za su laƙaba wa ɗanka sunan, ya bi shi har gidan aurensa.

Idan za a gwada maka, ka ce a gwada da batirin da za ka tafi da shi. Batirin da ke aljihun mai shago yana da wata baiwa da ba a sayar da ita.

Mu da muka tashi da gem ɗin bulo, mai rubutun 9999 a goshinsa alhali wasannin ciki ba su cika yatsun hannu biyu ba, ba mu da bakin yi wa yaran yanzu gori. Bambancin kawai, namu bai taɓa cewa shi malami ne ba. Bulo yake jefowa, ka jera, ka faɗi, ka sake. Na yanzu kuwa da shaidar koyarwa yake zuwa a jikin kwali.

To, ka iso gida. Ka tara iyali, ka sa batir, ka danna. Wata baturiya za ta yi ihu daga ciki: "E fo aful!" Uwargida za ta dube ka da irin kallon da rabonka da shi tun ranar kai lefe. Ka more wannan minti ɗin sosai.

Darasin zai ci gaba, kuma a nan ne za ka gane wanda aka ƙera wa na'urar. Aful dai da sauƙi, ana ganinsa a tiren masu kayan marmari, ko da yake yaron mangwaro da goruba ya fi sani. Giwa ma ba matsala, ga Yankari nan. Da aka zo harafin ƙarshe aka nuno jakin dawa, har na yi alfahari, domin muna da su a gandun dajin Sumu, waɗanda aka kawo daga Namibiya. Amma a tsakiya akwai wani ɗaki da ake ginawa da ƙanƙara, wai mutane ke kwana a ciki. Ka shirya amsa. Ɗana ya tambaye ni wannan a watan Afrilu, muna kwance a tsakar gida muna fifita da murfin kwano, ya ce, "Baba, mu me ya sa ba ka gina mana irinsa ba?"

Sannan ka ƙirga maɓallan. Ashirin da shida ne cif. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Na'urar da za ta koya wa ɗan Bauchi karatu ba ta san bambancin baki da baƙi ba, ba ta raba kafa da ƙafa, kuma in ka ce mata an ɓata bata, sai ta ce ka sake gwadawa. Abin dariyar shi ne, ɗan maƙwabcin da kuke tausaya wa saboda firamaren gwamnati yake zuwa, ta yiwu shi ya ci karo da littafin Mu Karanta!, wanda aka shigar a makarantun jihohin Bauchi da Sakkwato don yaran ajin farko su fara karatu da harshen da suke mafarki da shi. Shi yana haɗa baƙi da wasali yana karanta "ɗan ƙwai", naka yana rera sunayen watannin Turawa bai san wanne ne na damina ba. Kada ka faɗi wannan a gaban uwargida. Ka bari sai kun fita da abokanka majalisa.

Yanzu batun abincinta. Leapster batir huɗu take ci a zama ɗaya, 'yar robar ma ba ta da kunya. Kwalin farko kai za ka saya da farin ciki. Daga na biyu yaro zai koyi darasin da babu shi a jikin kwali, wato dabarar neman na kai. Za ka ga agogon bango ya tsaya a ƙarfe huɗu da kwata. Rimot zai yi sauƙi a hannu. Tocila za ta mutu daidai daren da aka ɗauke wuta. A gidanmu sai da abin ya kai ga rediyon Baba tsoho, kuma ranar aka ji maganganun da ba a taɓa ji daga bakin dattijo mai carbi ba. Mai tablet kada ya yi murna, shi ma zai san hanyar shagon mai caji kamar hanyar masallaci, ya rinƙa karɓar 'yar lamba yana jira a bayan samari.

Ka kuma gargaɗi tsofaffin gida tun da wuri cewa in batir ya yi sanyi muryar baturiyar tana komawa ta wani ƙato mai jan magana. Goggona ta kwana a ɗakin yara, cikin dare ta juya ta danne abin da gwiwar hannu, sai ta ji daga ƙarƙashin filo an yi mata sannu da Turanci, a hankali, da muryar da ba ta bil'adama ba. Har asuba tana addu'a. Da gari ya waye ta ce ko dai a fitar da shi ko ita ta koma ƙauye.

Masana sun yi magana kan lokaci. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa jariri da ɗan shekara ɗaya kada a zaunar da su gaban gilashi sam, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Turawa suna sayen manhaja ta musamman don ƙayyade wannan. Kai ba ka buƙata. In gidanku irin namu ne, mai 'ya'yan wa da na ƙani da na 'yar haya, yara tara na'ura ɗaya, babu wanda zai riƙe ta minti bakwai ba a fizge ba. Ka cika sharaɗin hukumar har da rara. Abin da ya rage maka shi ne alƙalanci, kuma ka sani duk hukuncin da ka yanke za a ɗaukaka ƙara zuwa ɗakin iyaye mata.

Wanda zai karya dokar awa ɗaya kai ne. Za ka karɓa da daddare ka ce za ka duba ko tana da kyau. Akwai wani wasa na kwaɗo mai tsallaka rafi yana kama lambobi. Ba zan faɗi matakin da na kai ba, amma an taɓa fitowa ƙarfe ɗaya na dare aka same ni a zaure, baturiya tana yaba mini saboda na gane bakwai ta fi biyar.

In tablet ɗin mai shiga intanet ce, ta nemi sunan yaro da hotonsa da ranar haihuwarsa, ka ba ta laƙabi kawai. A ƙarshen 2015 an kutsa rumbun bayanan VTech aka kwashi na yara sama da miliyan shida. Wannan kam ba raha a ciki. Sauƙin da muka samu shi ne datarmu kan ƙare kafin a gama cike fom ɗin.

Kakar yara za ta zo ta juya abin a hannu ta ce, "Yo wannan ai allo ne, sai dai mai ci." Ka yi shiru, domin in ka biye mata za ta lissafo maka: nata ba ya neman caji, in ya faɗi ɗauka ake yi a kaɗe, wa ya gama ya bar wa ƙani, kuma yana zuwa da malamin da ke gane yaro ya iya ko kame-kame yake. Baturiyar kuwa ko kyanwa ce ta taka maɓallin daidai sai ta tafa mata. Na gwada zama kusa da yaron ina tambayarsa abin da ya ji da Hausa, sai na ga ranar ce kaɗai wani abu ya zauna. Ban maimaita ba, saboda a lokacin na fara zargin cewa an sayar mini da aikin da ni zan yi.

Saura ajali. Kowace na'ura da nata. Wata man masa ne zai bi ta ƙarƙashin maɓalli, wata daga saman katanga za ta sauko, wata ƙanin yaro ne zai buɗe ta da cokali don ya ga matar da ke ciki. Tamu ta yi mutuwar mutunci. Yaron ya fara zuwa makarantar allo, ya ga yadda ake yi idan an biya karatu an iya. Ran nan ya kammala daga A har Z ba kuskure, baturiya ta tafa, shi kuma ya ɗauki buta ya tsuguna bakin rariya ya wanke ta tas, gaba da baya, ya jingina ta a bango ta sha iska don a rubuta masa sabo.

Za a ce ka binne ta cikin ɗanyar shinkafa kwana uku. Ka binne, amma ka sanar da mai girki, don tamu sai da aka auna ta cikin mudu. Mai gyaran waya zai buɗe, ya hura, ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, ta sha ruwa," kamar kai ka ce masa shayi ta sha. Ka biya kuɗin dubawa, ka karɓo gawar ka kawo gida. Yara za su huda mata hanci su ɗaura zare, su sa mata tayoyin murfin kwalba, ta zama tirela mai ɗaukar yashi daga ƙofar gida zuwa bakin kwata. Kafin su tafi da ita ka zare batiran nan, ka goge su da gefen riga, ka mayar wa Baba tsoho a rediyonsa kafin ƙarfe takwas da rabi, lokacin labaran BBC.