Giga Ɗari da Bashin Kawu

Ranar da aka raba gadon Baba, malamin da ya zo rabon bai bar komai ba. Ya rubuta gida, ya rubuta gona, ya rubuta Vespar da ta shekara goma sha biyu a zaure kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, har butar alwala sai da ya yi mata kuɗi. Da aka jawo adakar ƙarfen da ke ƙarƙashin gado aka buɗe, sai ga kasa-kasai jere kamar sahun Idi. Malam ya gyara tabarau, ya ɗaga ɗaya ya jujjuya, ya ce shi kam bai san kimar wannan ba, wa yake so? Kowa ya kalli rufin ɗaki. Ni, da yake an san ni da kwashe-kwashe tun ina yaro, na ce a ba ni. Yaya Bala ya ce a haɗa min da butar.

Kaset 112 na ƙirga a daren, galibinsu TDK da Sony masu minti 90, kowanne da rubutun Baba na jan biro. Shata shi ya ci kusan rabin adakar, don Baba mutumin Shata ne na ƙin ƙari. Lokacin da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, Baba yanka zakara ya yi, kai ka ce ɗansa ne ya gama karatu, kuma ranar da Shata ya rasu a 1999 bai buɗe shago ba. Sai Ɗanƙwairo da Narambaɗa da kotsonsu, Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa, Haruna Uji da gurminsa, Ɗan'anace yana zuga Shago, da Barmani Choge guda uku da na tabbata na Hajiya ne aka ɓoye a cikin na maza. Da yawa daga rediyon Kaduna ya naɗe su, ta hanyar jingina rikoda a bakin rediyo. Shi ya sa a tsakiyar kiɗan fada za ka ji zakara ya yi cara, ko muryar Baba yana cewa a fitar masa da yaron nan. Yaron nan ni ne.

Wata shida babu wanda ya tuna da adaka. Sai tsautsayi ya sa na ɗauki wani ɗan guntun Ɗanƙwairo da waya na jefa a zauren WhatsApp na gidanmu. Kafin la'asar kowa ya zama magaji. Yaya Bala daga Kaduna ya ce ai tun farko amana aka ba ni. Ƙanwata da ke aure a Jidda ta turo murya tana kuka. Autanmu da ke karatu a Malesiya, wanda bai taɓa saka kaset a rikoda ba, ya rubuta dogon bayani a kan adana tarihi. Gwaggo Hadiza daga Maraɗi, wadda ba ta kiran sunana saboda sunan mahaifinta gare ni, ta bugo da kanta: "Babana, ashe kana zaune a kan dukiyar ɗan'uwana ka yi shiru?"

Nan kaina ya kumbura. Na ce musu su kwantar da hankali, wannan gado ne na zamani, irin wanda kowa zai samu dukansa ba tare da an rage wa wani ba. Babu namiji rabo biyu, babu tumunin takaba. Zan juye komai a kwamfuta in ɗora a intanet, kowa ya ɗiba. Har addu'a aka yi min.

Abin da ban lissafa ba shi ne, kaset ba ya juyuwa da sauri. Yadda aka rera haka ake naɗa, minti da minti. Kaset 112 sau awa ɗaya da rabi, awa 168 ke nan, mako guda cur ba barci ba salla. Na samo tsohuwar rikoda wajen wani mai gyara, na sayi igiyar da ke haɗa ramin abin kunne da kwamfuta, na saka manhajar Audacity da ake samu kyauta. Makon farko na zauna na saurari komai, ina gyaɗa kai, ina tuna Baba. Rikodar ta tauna zaren Haruna Uji, na zauna da biro ina naɗewa kamar a 1992, ɗana yana tsaye yana kallona da tausayi. A mako na biyu ƙwazo ya ragu. Sai in danna, in kashe sauti, in tafi in kwanta, in tashi in juya gefen B. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Na taɓa jin wani yana cewa MP3 tana rage daɗin sauti, don haka na ajiye komai a WAV, wai kada a tauye wa Shata ko da bugun kalangu ɗaya. WAV tana cin kusan mega 10 a kowane minti, ma'ana kaset guda ya doshi mega 900. Da na gama bayan wata uku, na duba jimilla, sai na ga giga ɗari da 'yan kai. Kuma mene ne nake adanawa da wannan tsantseni? Sautin da aka naɗa daga rediyo mai shuuu, ta cikin iska, da carar zakara. Na adana zakaran nan da inganci irin na situdiyo.

Na fara da imel, aka ce min iyakar abin da ake liƙawa a Gmail mega 25 ne, wato minti biyu da rabi, kafin 'yan amshin Shata su gama gyara murya. Na koma Google Drive, inda ake ba kowa giga 15 kyauta. Na yi lissafi irin na 'yan kasuwa: bakwai sau goma sha biyar ya haura ɗari. Na buɗe asusu bakwai da sunayen 'ya'yana da na matata da na wata akuya da muka taɓa yi. Kalmomin sirrin na rubuta a bayan takardar magani, wadda uwargida ta ƙunsa daddawa da ita a ranar Laraba.

Sai ɗorawa. Ashe saukewa da ɗorawa ba tafiyarsu ɗaya ba, kamar gangara da hawa ne ga mai kura. Kuma "mega" ɗin da masu sayar da data ke tallata gudu da ita ba ita ce megar fayil ba, sai ka haɗa takwas na waccan kafin ka samu ɗaya ta wannan. A unguwarmu, in dare ya yi kyau, ina samun ɗaya ta waccan a daƙiƙa. Kwamfuta ta yi nata lissafin ta rubuta min: saura kwana 9. Na ɗaure waya a jikin tagar bayi, don nan ne kaɗai sabis ke cika, na hana kowa shiga da dare. Kwana biyu ana tafiya, an kai kashi 61 na asusun farko, aka ɗauke wuta. Batirin kwamfutar ya daɗe da rasuwa, sai dai ba a yi masa sutura ba. Na tayar da janareta ƙarfe biyun dare, maƙwabcina ya leƙo ta katanga ya tambaya ko haihuwa ake yi. Na ce a'a, Narambaɗa nake turawa Malesiya. Washegari ya gaishe ni a hankali, irin gaisuwar da ake yi wa wanda aka fara zargin ya taɓu.

Kuɗin datar da na ƙona a makon nan ba zan faɗa ba, domin matata tana karanta mujallar nan.

Da na ga abin na neman kai ni asibiti, sai na ce bari in tura ɗaiɗai ta WhatsApp, tunda daga 2022 ana iya aika fayil har na giga 2. Na jefa kaset biyar a zaure na kwanta da murna. Ban tuna cewa wayar Gwaggo a saite take tana sauke duk abin da ya shigo da kanta ba, ni ne ma na saita mata haka da Sallar bara don ta huta. Da asuba ta kira da wayar maƙwabta. Datar wata guda ta tafi, wayar ta cika ta sandare, hotunan jikokinta ba sa buɗuwa. "Babana, waƙa na ce ka turo min, ba aljani ba." A gefe kuma Ustaz Nura, ɗan Kawu Sale ƙanen Baba, ya rubuta nasiha mai sakin layi bakwai a kan kaɗe-kaɗe, ya fice daga zauren. Bayan isha ya biyo ni ta gefe, wai ko akwai Ɗan'anace, don wani bincike da yake yi.

Wanda ya cece ni yaro ne ɗan shekara sha bakwai, mai tura waƙoƙi a wata rumfa a Farm Centre. Na zayyana masa komai, da asusu bakwai da tagar bayi. Ya saurara da ladabi, sannan ya ce, "Baba, wa ya ce ka bar su a haka?" Ya mayar da su MP3 kafin in gama shan lemo biyu. Waƙar da ke cin mega 10 a minti ta koma cin mega ɗaya, giga ɗari ta dawo goma, ta shige asusu guda har da sauran fili. Na saka abin kunne ina neman bambanci, ban ji ba. Zakaran ma yana nan da ƙoshin lafiyarsa. Yaron ya zuba wa Gwaggo nata a memori, na naɗe a takarda, na kai tasha na ba direban da ke bin Katsina da Jibiya. Kafin magariba ta kira ta ce ya iso. Abin da intanet ta ce kwana tara, Golf mai fasasshen gilashi ta kai a wuni ɗaya, har da tsayawa cin abinci.

Na tura wa sauran linki ranar Juma'a, aka yi ta sa min albarka. Na yi barcin da na daɗe ban yi ba.

Ranar Lahadi da hantsi Yaya Bala ya kira, babu sallama. "Ka saurari kaset na 47?" Na ce na saurari duka. Ya ce, "Ƙarya kake. Gefen B."

A jikin kaset ɗin Baba ya rubuta Shata, kuma gefen A Shata ne. Gefen B ma da kalangu ya fara, minti ɗaya, sai ƙarar danna maɓalli, sai tari, sai sallama da muryar saurayi. Kawu Sale ne, ƙanen Baba, daga Jidda. Yaran yanzu ba su san wasiƙar kaset ba: a da, wanda ke nesa kuma rubutu bai dame shi ba, sai ya zauna gaban rikoda ya faɗi abin da ke ransa, ya ba alhazan da ke komawa gida su kai. Kawu ya tafi aikin Hajji a 1983 ya maƙale shekara huɗu. Ashe da kaset ɗin Baba ya tafi, ya toshe ramin da ke hana naɗi da salatif, ya shafe rabin Shata, ya maido wa mai shi.

Minti arba'in da huɗu yana magana. Ya gaida kowa da suna. Daga nan ya shiga bayani. Ya ce mijin Gwaggo Hadiza rowarsa ta kai a ce kaza ma ba ta kiwo a ƙofar gidansa. Ya ce miyar Gwaggo ita ce dalilin da bai yi kewar gida ba. Ya ce a daina sangarta Bala, yaron nan da ganin kansa ba zai yi karatu ba. Sannan ya sassauta murya ya ce, game da naira ɗari shida da Yaya ya ranta masa ta guziri, yana sane, wallahi yana sane, da ya dawo zai biya, kada a gaya wa kowa.

An gaya wa mutum talatin da ɗaya a ƙasashe huɗu, kuma ni na biya kuɗin datar.

Allura ta tono garma. Yaya Bala, wanda yanzu lakcara ne kuma bai ji daɗin batun kansa ba, ya ce bashin mamaci haƙƙin magada ne, a sake kiran malam. Ya kawo hujja cewa a 1983 naira ta fi dala daraja a hukumance, don haka ɗari shidan nan a dala za a lissafa. Kawu, wanda yanzu ya haura saba'in kuma shi ke limancin masallacin layinsu, ya fara da cewa ba muryarsa ba ce, ai yanzu ana haɗa komai da kwamfuta. Da aka tuna masa ya ambaci sunan matarsa da lambar ɗakinsa, sai ya ce to naira aka ba shi, naira zai biya. Ustaz Nura ya dawo zauren musamman don ya goyi bayan babansa da larabci. Hajiya ba ta ce komai ba sai, "Na san da kuɗin. Miyar ce ban san ya faɗa ba," kuma na ji kamar dariya take dannewa.

Gwaggo ba ta shiga zancen dala ba. Ta sa jikanta ya yanko mata wajen miyar nan, daƙiƙa goma sha ɗaya, ta saka shi ya zama ƙarar da wayarta ke yi duk lokacin da Kawu ya kira. Ba ta ɗauka. Bari take yi ya ƙare, mutanen gida su ji.

Ni kuwa kowane ɓangare ya yarda a kan abu ɗaya, cewa ni na haddasa. Na goge kaset na 47 daga asusun, amma autanmu ya riga ya ɗora shi a Telegram, ƙanwata ta tura wa ƙawayenta na Jidda don su ji yadda unguwarsu take a da, na Gwaggo kuma yana cikin memori a Maraɗi, inda hannuna ba ya kaiwa.

Ranar Talata da daddare saƙo ya shigo wayata daga Kawu. Katin waya ne na naira ɗari shida, da rubutu a ƙasa: "Ga bashin Yaya na biya. Ka sayi data ka goge sauran."

Saura kaset sittin da ban saurari gefen B ɗinsu ba.